Kwalin Jego da Ya Dawo Daga Ingila

Damina ta kusa ƙarewa, a shekarar nan da citta ta ruɓe mana a cikin ƙasa. Duk gidan da ka shiga a Kagoro maganar ke nan, har waƙa a majami'a ta yi sanyi. Abin daɗi ɗaya da ya same mu shi ne 'yata Alheri ta haifi ɗa namiji a Ingila, inda take aikin kula da tsofaffi.

Kun sani, haihuwar fari uwa ce ke zuwa ta yi wa 'yarta wanka, ta dama mata kunu. Ni ban samu biza ba. Sai na haɗa kwali: yajin jego da na daka da hannuna, acca, daddawa, da zanen goyo biyu. Na kai shagon Oga Chidi a Kafanchan, shi ke karɓar saƙo ya miƙa wa kamfanin aika kaya. Ya ce, "Mama, nawa zan rubuta darajar kayan?" Na ce, "Rubuta da yawa, kada Turawa su raina mu." Ya yi dariya, ya rubuta.

Bayan makonni ya kira ni, wai kwalin ya dawo, yana ofishin kamfanin a Abuja, sai na je da kaina da katin shaida da kuɗin fitarwa. Na kira Alheri, ta ce, "Mama, ƙila adireshi ne ba su gane ba." Na sayar da awaki biyu. Niyyata in karɓo shi, a gyara adireshin, in sake aikawa.

Kagoro zuwa Kafanchan

Ranar Talata na fito ƙarfe biyar na asuba, bayan Baban Alheri ya yi mini addu'a a bakin ƙofa. Mai okada ya kai ni tashar Kafanchan, raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Motar Abuja ba ta cika ba sai wajen bakwai. Direban, Malam Sani, ya ga ina ta taɓa ƙugu inda na ɗaure kuɗin, ya ce, "Mama, in kika ci gaba da taɓa wurin nan, har makaho zai san akwai abu." Duk mota aka yi dariya, har da ni.

Kwoi zuwa Keffi

Hanyar ta ci ruwa. Kafin Kwoi mun wuce shinge uku, a na ukun suka sauke mu suka duba jakunkuna. Wani soja ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na ce, "Karɓo kayan jikana." Ya ce, "Allah ya raya." A Kwoi na sayi ƙosai da kunun gyaɗa. Gonakin citta na gefen hanya duk sun yi rawaya, wata mata kusa da ni tana kallo ta taga tana girgiza kai. Mun shiga Keffi rana ta take.

Mararaba

Cunkoson Mararaba ya cinye mana sauran yinin, ofis ya riga ya tashi. Na kwana wurin Talatu, 'yar ƙanwata, mai sayar da abinci a can. Ta yi mini tuwon masara da miyar karkashi. Muna ci ta ce, "Mama, yaushe rabonki da ganin Alheri a bidiyo?" Na ce tun suna, kullum tana cewa sabis ba kyau. Talatu ta ce, "A Ingila?" Sai ta tashi ɗebo ruwa.

Abuja

Da safe ta sa ni a bas, ta gaya wa kwandasta inda zai sauke ni. Ofishin da sanyi kamar cikin firji. Wata yarinya mai ladabi ta duba kwamfuta, ta ce, "Mama, adireshi daidai yake. Sau biyu aka kai ƙofa."

Na ce, "To me ya faru, 'yata?"

Ta yi mini bayani a hankali. Kuɗin da na biya a Kafanchan na ɗaukar kaya ne kawai. In kaya ya shiga wata ƙasa, kwastan na can suna sa haraji bisa darajar da aka rubuta. Kamfani ya biya su, ya cika takardu, sannan ya ɗora nasa ladan a kai. Duka biyun mai karɓa ne zai biya kafin a ba shi. Ta ce, "Darajar da aka rubuta ta yi yawa, Mama. Mai karɓa ta ce a mayar."

Na roƙi kujera na ɗan zauna. Sannan na fita waje ƙarƙashin wata bishiya na kira Alheri.

Na ce, "Ina Abuja. Sun gaya mini."

Ina jin yaron yana kuka a bayanta. Can ta ce, "Mama, ba ni da kuɗin. Gidan tsofaffin ya rufe tun ina da ciki wata bakwai. Baban yaro aikin dare yake yi, haya kawai yake iya biya. Mutumin kamfanin ya tsaya a ƙofa da kwalin, ina jin ƙamshin daddawarki, na ce masa ya tafi da shi."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Citta ta mutu muku, Mama. In ƙara muku da nawa?"

Na ce, "Me kika ci yau?" Ta ce burodi da shayi. Mai jego.

Na koma ciki. Yarinyar ta ce kuɗin dawowa da na ajiya da ladan fitarwa zai kusa cinye abin da na ɗauro. In ban biya ba, sai in sa hannu na bar musu kayan. Na ce ko za a ciro mini zanen goyo ɗaya? Ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama, ba a buɗewa sai an biya." Amma ta kai ni baya na gan shi. Ya lotse a gefe, an manna masa takardu kala-kala, ga igiyar da Baban Alheri ya ɗaura tana nan. Na ɗora hannu a kai na ɗan jima. Sannan na karɓi biro na rubuta sunana.

Komawa gida

Ban koma Mararaba ba, na kira Talatu daga tasha. Motar ta bi ta Keffi da Kwoi, ruwan sama ya raka mu har Kafanchan. Ban ci komai a hanya ba. Na isa Kagoro ana kunna fitila. Baban Alheri ya dubi hannuna, ya ce, "Ina kayan?" Na ce, "Na bar su." Na zauna na gaya masa duka. Ya cire hularsa ya riƙe har na gama.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Talatu, da yarinyar ofis da ban tambayi sunanta ba. Ku matan zumunta masu 'ya'ya a waje, kafin ku ɗaure kwali, ku tambayi wanda zai biya a ƙofa.

Washegari da sassafe na sake hawa okada zuwa Kafanchan, na kwance kuɗin awakin daga ƙuguna, aka tura wa Alheri. Da ta kira tana kuka, na ce, "Ki sayi nama da man ja, ki dafa ki ci. Kada ki saya wa yaro komai a ciki. Wannan naki ne."