Yatsan Maame Araba

Shekara arba'in ƙawata Maame Araba tana bandar kifi a Elmina, har wuta da gishiri suka cinye zanen yatsunta. Da muka sauka a filin jirgin Akara, na'urar duba fasfo ta ƙi gane yatsanta sau uku. Ga layin masu jiran jami'ai har bango, ga motar gida na shirin tashi, gobe kuwa sunan jikarta.

Na ce, "Araba, har na'ura ta san kin tsufa."

"Rufe mini baki, uwar gulma."

Ta ciro man kaɗanya, ta murza a babban yatsa, ta danna. Sai ƙofa ta buɗe. Ta wuce tana rangwaɗa, ta bar wani mai kwat yana ta goga yatsa a wando, tasa na'urar ta ƙi shi.