Babban Yatsan Maman Peculiar

A Madakiya, idan kai ya sara wa mace bayan ta sauke buhun citta, ba kemis take fara nufa ba, gidan Emilia take nufa. Emilia ba ta taɓa zama a aji ba sai na koyon Littafi a coci, amma Allah ya zuba mata ilimi a babban yatsa. Takan narkar da man kaɗe a murfin gwangwani, ta barbaɗa garin citta kaɗan, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu. Sharaɗinta ɗaya ne: ko ke matar fasto ce, sai kin kwanta kin ɗora kanki a cinyarta. Cewa take wuya ba ya saki sai mai shi ya bar wa wani nauyin kansa. Sai yatsa ya bi jijiya daga kafaɗa zuwa ƙeya, ya tsaya a kan ƙullin da ɗaukar kaya ya haifar, ya danna. Mace ta kurma ihu tana kiran Yesu, jim kaɗan ka ji tana minshari.

A wurin mahaifiyarta ta gaji wannan hannu, kuma burinta a duniya bai wuce ta miƙa shi ga 'yarta tilo, Peculiar, ba.

To amma tausa ba ta riƙe gida. Wata ta kawo doya, wata ta kawo "Allah ya sa albarka" ta kama gabanta. Da mijinta Meshak ya rasu, Peculiar tana aji huɗu, sai Emilia ta shiga bin motar Kachia duk rani tana aikin tsaga citta. Wuƙa a hannu tun safe har yamma, shekara goma sha ɗaya, citta na cin fata, sanyin asuba na cin ƙashi. Da wannan wuƙa yarinya ta gama kwaleji, ta zama malamar makaranta a Kafanchan, ta auri wani ma'aikacin gwamnati mai suna Gilbert.

Karatu kuwa ya yi rana. Ranar da Emilia ta kai musu ziyara ta tarar da malamai a falo, Peculiar ta ce musu, "Mamana ce, manomiya ce." Maganar tausa ko da wasa ba ta fito ba. Emilia ta ji zafin abin har cikin ranta, amma ta haɗiye. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda take ganin yarinyar na murza ƙeya tana yamutsa fuska, don duba takardun ɗalibai da sunkuyon waya sun riga sun ɗaure mata wuya.

"Zo ka kwanta nan in taɓa maka," in ji Emilia. "Ka koya ma. Hannuna ba zai zauna har abada ba."

"Mama, abeg. Wannan mai naka zai ɓata mini gashi. Ina da tablet."

Haka aka yi ta yi kusan shekara goma. Uwa na kira, 'ya na haɗiyar ƙwaya. Wadda ta koya kuwa maƙwabciya ce, Lucy, wadda ba a haɗa komai da ita ba sai katanga. Zama kawai take yi tana riƙe murfin mai tana kallo. A hankali ciwon gaɓɓai ya kama Emilia, yatsun suka kumbura suka lanƙwashe kamar saiwar cittar da suka sha tsagawa. Har ɗaurin ɗankwali ya koma sai an yi mata.

Wata Asabar da hantsi sai ga Peculiar a bayan mashin, ta dafe wuya, ido ya yi ja. Mako uku ba ta iya juya kai ba. An yi gwaji, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba.

"Mama, dokta ya ce ba maganar tablet ba ne. Ya ce in nemi mai tausa."

Wato sai da mai farar riga ya faɗa. Emilia ta kira Lucy. Ta sa ta ta narkar da mai, ita kuma ta zauna ta miƙe ƙafafu. Peculiar ta cire gashin kanti da kanta ta ajiye gefe, ta kwanta ta ɗora kai a cinyar uwarta, abin da rabonta da yi tun tana firamare.

Yatsan ya bi jijiya tiryan-tiryan, bai ɓata hanya ba, ya tsaya daidai ƙasan ƙeya a ɓangaren hagu. Emilia ta tattara ƙarfinta ta danna. Yatsan ya karkace, zafi ya harba mata har gwiwar hannu. Ta cije leɓe ta sake gwadawa.

"Mama, ka danna mana," Peculiar ta ce da muryar kuka. "Wurin ne, wurin ne."

"Na san wurin ne," in ji Emilia. "Ga shi a ƙarƙashin yatsana."

Ta ɗaga kai ta dubi maƙwabciyarta.

"Lucy, zo ka sa hannunka inda nawa yake."

Lucy ta durƙusa ta danna, Peculiar ta yi ihu, can kuma numfashinta ya daidaita, barci ya ɗauke ta. Emilia ta zauna da kan 'yarta a cinya, hannayenta biyu ajiye a kan tabarma, man kaɗe na daskarewa a kansu.