Allon katin Malam Jadawali

Bakwai saura kwata yake buɗe ƙaramin ofishinsa da ke maƙwabtaka da ɗakin gwaje-gwaje. Ya goge tabarau, ya tsaya gaban allon katakon da ya cinye bango guda. Ƙusoshi ne jere a jiki, kowace ƙusa darasi ɗaya a aji ɗaya. Katin lissafi shuɗi, na kimiyya kore, na tarihi da labarin ƙasa ja. Shekara ashirin da shida yana wannan tsayuwa, yana kuma koyar da lissafi, har sunansa ya ɓace, yara da malamai suna ce masa Malam Jadawali. Ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki.

A bakin ƙofar sakandaren akwai takarda mai jerin darussan manyan azuzuwa: lissafi, fizik, kemistiri, bayoloji, tarihi, labarin ƙasa, tattalin arziki. Iyaye su karanta su gyaɗa kai. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, in darasi biyu suka faɗo lokaci ɗaya, dole yaro ya haƙura da ɗaya. Makarantu nawa ne haka, shekara da shekaru, don kawai wani ya kwafi jadawalin bara ya canja kwanan wata? Sunan wannan lalaci, kuma yara ne ke kwana a ciki.

Shekara tara da suka wuce, 'yar direban motar makarantar ta rubuta zaɓinta: lissafi, fizik, labarin ƙasa. Mai awon filaye take son zama, kuma makarantar da take hari sai da ukun take ɗaukar ɗalibi. A jadawalin lokacin, fizik da labarin ƙasa sa'arsu ɗaya.

Mataimakin shugaba ya mayar mata da takardar. "Zaɓi ɗaya, 'yata. Ba a zama aji biyu da jiki ɗaya."

Malam Jadawali ya karɓi takardar. Malamar bayoloji, wadda teburinta ke kallon ƙofarsa, ta ce kwana huɗu ya yi yana cire kati yana maƙala kati, shayinsa na hucewa a taga. Hanya ɗaya ta ɓulle: fizik ya koma safe, lissafin ajin ya koma darasin ƙarshe sau uku a mako. Darasin ƙarshe kuwa kowa gudunsa yake. Lokacin yunwa ta kama yara, rabin aji na hamma, rabi na kallon ƙofa.

A taron malamai mataimakin ya ce, "Yanzu saboda yarinya ɗaya za a hargitsa aji goma sha takwas?"

Malam Jadawali ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muka liƙa takardar can a ƙofa. Ko mu koyar da abin da muka rubuta, ko mu yage ta."

Babban malamin lissafi, wanda ajin ke hannunsa, ya naɗe hannu. "Ni dai na tsufa da koyar da masu gyangyaɗi."

"To bar min ajin, yaya. Ni ma a lokacin nake gyangyaɗin, sai mu riƙa tashin juna."

Aka yi dariya, aka wuce maganar, aka bar Malam Jadawali da darasin ƙarshe shekara uku cur. Yarinyar ta gama da darussanta uku. Da shekara ta zagayo, ɗalibai goma sha ɗaya suka nemi haɗin da aka ce ba mai so. Ashe ba so ne babu ba, hanya ce babu. Yau tana aikin awon hanyoyi. Babanta har gobe in zai wuce tagar ofishin sai ya danna hon sau biyu.

Kai ne, Malam, ka ɗauki takardar ƙofa a matsayin alkawari, wasu suna ɗaukarta ado. Tsani, a taka ka a hau, a manta da kai a jingine. Ba a taɓa kiran sunanka ranar rabon kyaututtuka ba, alhali kowane yaron da ya hau dandamalin, sa'ar darasinsa daga hannunka ta fito. Mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba ka 'ya'ya da jikoki masu jin ƙanka.

Saura mu. Na ji ana cewa baɗi za a maimaita jadawalin bana, tunda ya yi kyau. Ya yi kyau ne ga yaran bana. Cikin takardun zaɓin da aka tattara makon jiya akwai ta wani ɗalibi mai son kemistiri da tattalin arziki, kuma sa'arsu ɗaya. Malam ya tattara katunansa cikin gwangwani ya ajiye a kan tebur, ofishin kuma ba a kulle yake ba. Aikin kwana huɗu ne. Malaman makarantar nan su arba'in da biyu ne.