Falle Ɗaya a Sifirin

Tun ina yaro a Jos akwai hoton wata mota manne a bangon garejin babana: doguwa, ja, mai ƙofa biyu, irin tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji. Baba bakanike ne, rabin rayuwarsa a ƙarƙashin akori-kura ya yi ta, amma bai taɓa ganin irin motar nan ido da ido ba. Da na zauna a garin Clinton a Amurka ina aikin asibiti, sai na sayi irinta a hannun wani dattijo. Inji lafiya lau, sai dai bayanta ya zauna, sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, ya gaji.

Baba zai zo ganin jikoki na wata biyu, kuma likita ya ce ƙugunsa ba zai sake jure doguwar tafiyar jirgi ba. Zuwan ke nan na farko da na ƙarshe. Burina ɗaya, in ɗauke shi a motar hoton nan.

Mai sayar da kayan mota ya nuna mini sifirin iri biyu, mai tauri na masu tsere da mai laushi na masu yawon shan iska, kowanne da shokazobarsa mai rage girgiza. Ya tambaye ni me zan riƙa yi da motar. Nan haushi ya kama ni. Ni za a koya wa sifirin? A gabana Baba yake ƙara fallen ƙarfe a sifirin akori-kura don ta ɗauki buhunan dankali ba ta durƙusa ba. Na ɗauki mai taurin, na ƙara masa falle da hannuna, ina jin ni ɗan gado ne.

Fitarmu ta farko ko ƙarshen layi ba mu kai ba. Muka faɗa wani ɗan rami, Baba ya dafe ƙugu, ya runtse ido, ya ce in tsaya. Kwana uku yana kwance. Kunya ta ishe ni, ko ƙofar gareji ba na son kallo.

Rana ta huɗu ya fito da sandarsa, ya danna bayan motar da tafin hannu. Ko gezau.

Ya ce, "Kai, dankalin wa za ka ɗauka a garin nan?"

Na ce, "Baba, yadda kuke yi na yi."

"Ni sai na tambayi direba hanyarsa da kayansa tukuna. Kai wa ka tambaya?"

Na koma wurin mai kayan nan kai a sunkuye, na karɓo mai laushin. Baba ya zauna a kujerar roba yana nuni da sanda, ni ina kwance a ƙarƙashin motar ina canza sifirin, yana yi mini faɗa kamar dā. Wallahi na ji daɗin faɗan nan. Da muka gama ya sake dannawa. Ta sauka, ta taso sau ɗaya, ta tsaya. Ya gyaɗa kai.

Ranar Lahadi bayan coci muka nufi unguwar Takoma Park, tagogi a buɗe. Ya yi ta shafa kujera yana sauraron inji. Kafin mu isa barci ya kwashe shi. Na rage gudu, na yi ta zagaya unguwa don kada tsayawa ta tashe shi.

Ya koma gida, da damina ta zagayo ya rasu. Yanzu abokaina suna yi mini tsiya wai motata tana lilo a kwana kamar katifa. Su yi ta yi. Fallen da muka cire yana nan jingine da bango, sifirin kuwa ban sake taɓa shi ba tun ranar da Baba ya gyaɗa kai.