Tayar da Na Zana da Wuƙa

Ni ne mai laifi. Na fara da wannan don kada wani ya ɓata lokacinsa yana nema mini uzuri. Hannun daman yayana ya mutu, mutane suna cewa ruwa ne da santsin kwalta, amma ni na san da wuƙar sana'ata na kashe shi.

Mu mahauta ne, gadon gidanmu ke nan a Talata Mafara. Yayana ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini riƙon wuƙa. Wajen fiɗa babu kamarsa a layinmu. Zai zare wa rago fata ba huda ko ɗaya, har masu sayen fata kan ware tasa daban. Shi ya sa mai suna da mai biki, daga Bakura har Janbako, shi suke aiko wa. Bai iya mashin ba, bai kuma so ya koya ba. Ni ke ɗaukarsa a bayan roba-robata, ƙaramin mashin ɗin nan mai rufin roba a gaba.

Wata safiya gab da faɗuwar damina ya tsuguna bayan mashin ɗin, ya shafa tayar baya da babban yatsansa.

"Auta, wagga taya ta ƙare. Dube ta, kamar kan jaririn da anka yi ma aski. Ga ruwa tahe. Ba ni ƙara hawa sai ka canza ta."

"To, Yaya, cikin satin ga in Allah ya so."

Ba rashi ya hana ni ba. Ganin na iya ne. Shekara da shekaru ina kan mashin ban taɓa faɗuwa ba, sai na ɗauka hannuna ne ke riƙe da ni a hanya, taya kuwa ado ce. Kwana biyu bayan haka na shigar da mashin ɗin bayan ɗakina, na wasa ƙaramar wuƙata ta fiɗa, na zauna ina juya tayar ina yanka mata sabon zane, ina kwaikwayon na tayar gaba. Hannun mahauci ba ya rawa, zanen ya fita tsaf. A wurare biyu na ga zare ya leƙo, na shafa toka na rufe. Na wanke ta da sabulu, na goge har ta yi baƙi.

Da Yaya ya gani sai ya sake shafawa, ya ji gurbi a ƙarƙashin yatsa. "Madalla. Yanzu ka yi hankali," in ji shi. Ban ce masa sabuwa ce ba, ban kuma ce tsohuwar ce ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina.

Ranar da abin ya faru Talata ce, ranar kasuwarmu. Mun yi sammako zuwa Birnin Tudu yankan suna. Kafin hantsi ya ɗaga Yaya ya gama da raguna biyu, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Mai gidan ya ce mu dakata mu ga abin da Allah zai yi. Yaya ma ya so haka. Ni na matsa, na ce kasuwa na ci babu mu.

Muna dab da gari aka fara yayyafi. Duk mai hawa mashin a garin nan ya san yayyafi ya fi ruwa mai ƙarfi mugunta. Mai ƙarfi yakan wanke kwalta. Yayyafin farko kuwa jiƙa abin da rani ya tara kawai yake yi: baƙin man da manyan motoci suka zubar, ƙura, da kashin shanun da ake korowa kara. Sai su kwaɓe su zama kamar miyar kuɓewa. Na san a irin wannan hanya ana rage gudu tun daga nesa, a bar tazara mai yawa, a taɓa birkin hannu da na ƙafa tare a hankali kamar mai lallashi. Ni da kaina na sha gaya wa wasu haka.

Amma bakin gari ya cushe. Motocin shanu, 'yan kabu-kabu, masu tura kura, kowa na gudun ruwa yana danna oda. Na liƙe wa wata babbar mota mai ɗauke da shanu, ina jiran kafar da zan kutsa in wuce. Ruwan ƙasan motar yana fesowa a fuskata, ina kanne ido ɗaya.

"Sassauta, Auta," Yaya ya ce a kunnena. "Gobara za mu kashewa?"

"Riƙe dai da kyau, Yaya. Tsoronka ya hi na akuya ranar Salla."

Ya yi dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan yana da hannu biyu.

Wani dattijo, aminin mahaifinmu, yana fake a ƙarƙashin rumfar mai shayi, ya ɗaga murya ya kira Yaya. A wajenmu ba a wuce babba haka nan. Yaya ya juya, ya ɗaga hannun dama yana cewa, "Baba, barka da ruwa!" Sai dai kafin ya juya, motar gabanmu ta riga ta ci birki, ni kuma na riga na danne birkin ƙafa da dukan ƙarfina saboda babu tazarar da zan yi wani abu dabam. Na ji bayan mashin ya tafi kamar an zare tabarma. Wannan jerin ni kaɗai na san shi: birki ne farko, gaisuwa daga baya.

Muka zube. Ni na gurje gwiwa da gwiwar hannu kurum. Shi ya faɗi da hannun nan a miƙe, wata a-kori-kura da ke gefenmu ta bi ta kai. Direban ba gudu yake ba, ba shi da inda zai kauce. Yaya bai yi ihu ba. Ya kalli hannun yana ta salati, yayyafi na sauka a kan jinin.

An kai shi asibiti, an yi abin da za a iya, daga baya aka haɗa da maɗori. Hannun bai kai ga yankewa ba, amma yatsun sun ƙandare sun lanƙwashe ciki. Ranar da ya fara magana sosai, ɗakin cike da 'yan dubiya, ya ce, "Ni na jawo. Yaron ga na tuƙinai lahiya lau, ni na juya gaisuwa na karkata muna mashin." Aka yi ta cewa ƙaddara ce. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye gaba."

A satin na sa sabuwar taya. Tsohuwar na kai ta mahauta, inda ake babbakar kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi, na jefa ta wuta da hannuna, na tsaya har ta zama waya.

Abin da ya biyo baya a gabana aka yi shi kullum. Masu aikowa suka daina aikowa, wasu suka koma aiko mini. Yaya ya dawo zaman benci a gefen teburina, yana korar ƙuda, yana naɗe nama a takarda da hagu. Ya daina cin abinci cikin mutane don kada a ga yana kai hagu baki. Matarsa ke zuba masa ruwan alwala. In ya ga wani zai hau bayan mashin sai ya ɗaga hannun ya nuna masa: "Ko ubanka ka gani, kak ka juya. Ka ga abin da gaisuwa ta yi min." A yi dariyar tausayi, ni ina sara ƙashi da ƙarfi don kada in ji.

Damina biyu na yi a haka. Na rame, na zama mai faɗa, abokan ciniki suka fara kauce wa teburina.

Ranar Layya ta bana, bayan an sauko Idi, na je gidansa in feɗe masa ragonsa. Mu biyu ne a tsakar gida, mata suna ciki. Ya riƙe mini ƙafar ragon da hagu, yana bin wuƙata da ido. Na huda fatar wajen haƙarƙari. Can ya yi gyaran murya.

"Auta, yau ranar yahiya ce. Na ga tun ranar nan ba ka koma daidai ba. Na kusa kashe ka, kuma na bar ma nauyin gida biyu. Ka yahe min."

Na ajiye wuƙar a kan fata. Na durƙusa a gabansa cikin jini da ruwa, ban iya ɗaga kai ba.

"Yaya, ba kai ba ne. Ban canza tayar ba, zane na yi mata da wuƙa don ka hau. Kuma na taka birki tun ba ka juya ba, don na liƙe ma motar bayan ka ce in sassauta. Na ji ka ɗauki laihin gaban mutane, na yi shiru. Hannunka ni na ci shi. Don girman Allah, Yaya, ka yahe min."