Rok Ne, Baba, Ba Roƙo Ba

Duk kun fahimci abin a baibai, ba faɗa muka yi da Bashir ba. Kunnen Baba ne!

Yau Bashir ya zo gaida Baba a unguwarmu ta Bagdadiyya kan maganar aurenmu. Ana shan gahawa sai yayana Usama ya tayar da musunsu na kullum, wai wace ƙungiyar kiɗan Turawa na rok ce ta fi yawan waƙoƙi masu kyau na gaske. Musu ya yi zafi, Bashir ya ce, "Kai, ni a cikin rok na tashi, wajen babana na gada."

Baba ya ajiye finjali. "Roƙo? Gadon gidanku ne?"

"Ƙwarai, Alhaji! Har kaset-kaset ya bar min."

"Halas, magana ta ƙare," in ji Baba. Ya miƙe ya shige ɗaki. Wai ba zai ba maroƙi 'yarsa ba. Bashir injiniya ne fa!

Ina bayan labule na ji komai. Ko kuka ban yi ba, ina nan zaune kawai.

Bayan la'asar zan kunna wa Baba waƙar rok ɗaya a wayata, ya faɗa min wane basarake ake yi wa kirari da wannan ihun.