Gumakan Girka da Kabsar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Makka, ni da kawuna, muka nufi Jidda. Abu ɗaya ya kai ni: baje kolin mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar Girka, allolin da mutanen can suka gina da hannu suka gasa kamar tukunya. A kansu nake rubuta kundin kammala karatuna, ban taɓa ganinsu ba sai a hoto, kuma ranar za a rufe.

Hanya sumul, direbanmu ɗan Sudan yana ta miƙo dabino. Kawu kuwa mita yake, wai daga Umra sai kallon gumaka. Na ce ba sujada zan yi musu ba, yadda aka gasa su nake son gani. Ya ce to, amma mu leƙa Gwaggo a unguwar Hindawiyya, gaisuwa kawai.

Gaisuwa! Gwaggo, haifaffiyar Jidda, ta tare ƙofa. "Halas, magana ta ƙare, ba mai fita sai ya ci kabsa." Ko kazar da za a yi wannan dafa-dukar shinkafa da ita ba a sayo ba. Aka kawo gahawa, aka kawo shayi, maƙwabta suka cika falo suna tambayar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Ina murmushi, raina na tafasa. Duk sa'ad da na zabura, Kawu ya harare ni.

Sai da yamma muka kuɓuta, cunkoson hanyar Abhur, unguwar da ake baje kolin, ya ƙarasa mu. Muka tarar an rufe, ma'aikata na jera akwatuna. Na yi ta roƙon matar da ke kula da kayan har ta buɗe mini guda ɗaya da ake naɗewa: gunkin noma, mace, ba ta fi tafin hannu ba, da sauran jan fenti a leɓenta. Da aka juya ta na ga rami a bayanta, da sawun yatsan maginin.

Kawu ya leƙo ta kafaɗata. "Kai! Haka kakarki take huda dokin yumɓu don kada ya fashe a wuta. Ashe abin kallo ne. Ina sauran?"

Sauran suna cikin akwati, Kawu, na ce a raina. Shi kuma har muka koma masauki ya ishi direba da labarin ramin.

Na dawo gida da gunki ɗaya tak a idona, a kansa zan gina kundi guda. Abin da na koya: in na sake zuwa Jidda da wata bukata, zan fara gama ta kafin Gwaggo ta ji na shigo gari.